Yadda na gina wa kifayen Tafkin Malawi mazauni da duwatsu a falona

Akwatin gilashin ya yi mako bakwai a falona cike da ruwa da duwatsu, babu kifi ko ɗaya a ciki, har baƙi suka fara tambayar mai ɗakina a asirce ko lafiya nake. Tsawonsa santimita 120 ne, faɗinsa 45, tsayinsa 50, wato yana cin lita 270 idan aka cika shi maƙil, kuma wani mai yankan gilashi a nan Kano ne ya haɗa mini shi da gilashi mai kaurin milimita 10. Tun da lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, na san cewa idan aka haɗa ruwa da dutse da yashi da nauyin gilashin kansa abin zai haura kilo 300, don haka ban yarda da teburin katako ba. Mai walda ya ƙera mini ƙafar ƙarfe, muka daidaita ta da ma'aunin magina har sai da ƙwayar iskar ta tsaya a tsakiya ta kowane ɓangare, sannan na shimfiɗa farin soson da ke zuwa a kwalin firji tsakanin ƙarfen da gilashin, domin ko ƙwayar tsakuwa ɗaya ce ta maƙale a ƙasa tana iya tsaga shi idan nauyi ya hau.

Kifayen da nake jira su ne waɗanda ake kira mbuna, kalmar mutanen Tonga na gaɓar Tafkin Malawi ce ga kifin da ke zaune a cikin duwatsu. Dangin karfasa ne, wato iyalin da masana ke kira sikilid, sai dai su ƙanana ne, yawancinsu ba su wuce santimita 10 zuwa 15, kuma launinsu kamar an rina su. Tafkin, wanda Malawi da Mozambik da Tanzaniya suka kewaye, tsawonsa ya haura kilomita 550, zurfinsa ya kai kimanin mita 700, kuma babu wani tafki a duniya da ya kai shi yawan nau'in kifi. Sikilid kaɗai sun wuce nau'i 700, kusan dukkansu babu su a ko'ina sai can. Wannan ne ya sa UNESCO ta sanya gandun da ke kudancin tafkin cikin wuraren gado na duniya a 1984. Abin da ya fi shafar mai kiwo a cikin wannan bayani shi ne yadda yawancin mbuna ke rayuwa: kowane namiji yana kama wani lungu a cikin duwatsun gaɓa, yana kankare gansakukar da ke jikin dutsen da haƙoransa yana ci, yana kuma korar duk wanda ya matso. Wanda ya kawo su gida ya kawo wannan hali tare da su.

Da ruwa na fara, domin ruwan tafkin yana da gishirin ma'adinai, ma'aunin pH ɗinsa, wato awon da ke sauka idan ruwa ya yi tsami ya kuma hau idan tsamin ya ragu, yana tsakanin 7.7 da 8.6. Da na gwada ruwan rijiyar burtsatsen gidanmu sai na samu 6.8, abin da bai ba ni mamaki ba tunda ƙasarmu a kan baƙin dutse take, irin wanda ba ya narkewa a ruwa. Wani abokina ya ce in jefa ɗan ƙullin kanwa, na ƙi, saboda ƙarfin kanwa ya bambanta daga wannan dunƙule zuwa wancan, kuma hawa da saukar ma'aunin ya fi cutar da kifi a kan ya zauna ƙasa kaɗan da yadda ake so. Maganin ya fito daga inda ban zata ba, wato shagon masu sayar da kayan abincin kaji, inda ake auna niƙaƙƙen ɓawon kawa a mudu don kajin ƙwai. Na wanke kilo biyu har ruwan ya daina fari, na ɗura a tsohuwar safa, na cusa cikin injin tace ruwa. Bayan kwana goma ma'aunin ya hau zuwa 7.8 ya tsaya a nan, kuma har yau bai gusa ba, domin ɓawon yana narkewa ne a hankali gwargwadon tsamin ruwan.

Neman dutse ya fi komai cin lokaci. Na je wurin masu fasa dutse a bayan gari da buhu da kwalbar ruwan lemun tsami, na shiga zaɓe ina juya kowane dutse ina duba fuskokinsa. Wani dattijo da ke zaune a inuwar rumfa da guduma a gefensa ya daɗe yana kallona kafin ya ce, "Alhaji, wane irin gini ne wannan da ake zaɓar masa dutse ɗai-ɗai?" Na ce, "Baba, kifi zan gina wa ɗaki." Ya yi dariya har ya ajiye hularsa, amma daga baya shi ne ya kai ni inda suke zubar da faffaɗan ɓallin da magina ba sa so, waɗanda su ne suka fi mini amfani. Lemun tsamin na gwaji ne: dutsen da ya yi kumfa idan aka ɗiga masa tsami yana da alli a jikinsa kuma zai ƙara wa ruwa ƙarfi, abin da mai kiwon wasu kifayen ke gudu amma mai kiwon mbuna ke maraba da shi. Nawa babu wanda ya yi kumfa, kuma hakan ba laifi ba ne tunda ɓawon kawa ya riga ya ɗauki wannan aiki. Abin da na guje wa shi ne marmara, wadda ke marmashewa tana rina ruwa ja, da duk dutsen da na ga jijiyar tsatsa ko ƙyallin ƙarfe a jikinsa, da mai kaifin baki da zai yanki kifi idan an biyo shi a guje. Na dawo da kilo 60 a bayan mota, daga mai girman dunƙulen hannu zuwa mai girman ƙwallon ƙafa.

A gida na goge su da burushin waya ba tare da sabulu ko omo ba, na kwarara musu ruwan zafi, na jiƙa su kwana uku a baho. Ban dafa su a tukunya ba kamar yadda wasu ke yi, saboda dutsen da ke da iska ko ruwa a cikin tsagarsa yana iya fashewa a kan wuta. Yashi kuwa na rafi na samo, na tankaɗe shi da rariya don fitar da tsakuwa, na wanke shi bokiti bayan bokiti har sau goma sha, aikin da ya fi kowane gajiyar da ni.

Ƙa'idar jera dutse ga waɗannan kifaye na san ta tun kafin in fara: dutse ne ke fara shiga, yashi ya biyo baya. Mbuna mahaƙa ne, suna cika baki da yashi su kai gefe su tofar, kuma duk dutsen da ke zaune a kan yashi za su rarake ƙarƙashinsa har ya kife. Na shimfiɗa ragar roba mai kauri a kan gilashin ƙasa don ta rarraba nauyi, na ɗora manyan duwatsun a kanta, na yi ta girgiza kowanne da hannu har sai ya zauna a kan ƙafa uku ba ya motsi, sannan na ɗora faffaɗan a kansu kamar rufi. Sai dai na tara komai wuri guda a tsakiya, tudu ɗaya mai tsini kamar Dala, domin haka ya fi yi wa idona kyau daga kan kujera. Bayan na zuba yashi da ruwa na ga ɓangaren dama ya ɗan yi fayau, sai na ƙara wani dutse mai kimanin kilo huɗu na jingina shi da tudun, gindinsa a kan yashi, na ce wa kaina guda ɗaya ba zai yi komai ba.

Makonni bakwai na jira ba don ƙawa ba ne. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, wadda guba ce, kuma akwai ƙwayoyin bakteriya da ke mayar da ita naitirait, wadda ita ma guba ce, sannan wasu su mayar da wannan naitiret, wanda kifi ke jurewa idan bai yi yawa ba. Waɗannan ƙwayoyi a cikin soson injin tacewa da jikin duwatsu suke zama, kuma sabon akwati ba shi da su. Na riƙa jefa ɗan abincin kifi kowace rana yana ruɓewa, ina gwada ruwan kowane kwana uku da ƴan kwalaben gwaji. Amoniya ta hau a mako na biyu ta sauka a na huɗu, naitirait ta biyo ta ta daɗe ba ta sauka ba har na fara zargin kwalbar, sai a ƙarshen mako na shida ruwan gwajin ya fito da launin da ke nuna babu ko ɗaya. A ruwa mai pH sama da 7.5 amoniya ta fi dafi, don haka gaggawa a nan ta fi tsada ga mai kiwon mbuna.

Kifayen daga Legas suka taho a motar dare cikin watan Disamba, a ledoji masu iska cikin kwalin soso. Na yi odar nau'i biyu. Na farko Labidochromis caeruleus guda bakwai, rawaya kamar kwaiduwar ƙwai da baƙin layi a fiffiken baya, waɗanda aka san su da sauƙin hali idan aka kwatanta da danginsu. Na biyu Pseudotropheus acei guda shida, masu jiki shuɗi da wutsiya rawaya, waɗanda a tafkin suke bin itatuwan da suka nutse kuma a akwati suke yawo a sama cikin ayari, su bar wa wasu duwatsun. Na ƙi jan da ake kira Maylandia estherae duk da kyansa, saboda yana barbara da rawayan su haifi gauraye marasa asali. Na kuma yi tunanin sa kurungu, tunda ana haɗa wasu ƙananan nau'insa da mbuna, amma na madatsun ruwanmu suna girma su fi ƙarfin akwatin. Da na buɗe kwalin sai na tarar da leda ta uku da kifi uku masu ratsin zinariya da baƙi da fari, mai sayarwar ya ce gyara ce ya yi mini. Na ɗora ledojin a kan ruwa minti ashirin don zafinsu ya daidaita, na riƙa ƙara musu ruwan akwatin kaɗan-kaɗan, sannan na kwashe kifin da raga na sake su, ruwan ledar na zubar a waje.

Gyaran nan Melanochromis auratus ne, kuma na san sunansa a cikin waɗanda ake gargaɗin sabon shiga a kansu, amma ƙanana ne a lokacin, ba su kai ɗan yatsa ba, kuma ba ni da inda zan kai su. Wata biyu komai ya tafi lafiya. A wata na uku ɗaya daga cikinsu ya fara sauya kama, zinariyar cikinsa ta koma baƙi ƙirin, alamar namiji ne da ya balaga, kuma cikin mako ɗaya ya mallake tudun gaba ɗaya. A nan ne na gane kuskuren ginina. Tudu ɗaya mai tsini yana nufin wanda ya hau ƙololuwarsa yana ganin kowane lungu na akwatin, kuma mbuna duk abin da ya gani a cikin yankinsa sai ya bi shi. Kogunan da na yi alfahari da su guda goma sha ɗaya ne, amma duk na kifi ɗaya ne, sauran goma sha biyar suna maƙale a kusurwar sama bayan hita, launinsu ya koɗe, wutsiyoyinsu sun yayyage. Wata safiya na tsinci ɗaya daga cikin ƴan uwansa biyu a mace a bayan dutse.

Kwana huɗu bayan haka, wajen ƙarfe biyu na dare, muka ji ƙara daga falo kamar an saki faranti. Dutsen nan da na jingina a kan yashi ne. Namijin ya haƙe ƙarƙashinsa har ya kai ragar roba, dutsen ya zame ya ja faffaɗan da ke kansa, bakin ɗaya ya daki gilashin gaba. Na tsaya da tocila ina bin gilashin da yatsa ina neman jiƙa, mai ɗakina tana bayana da bokiti tana cewa, "Malam, in kwashe kafet ɗin ne?" Allah ya taƙaita, ƙarzuwa ce kawai mai tsawon rabin yatsa, tana nan har yanzu a kusurwar dama ta ƙasa.

Washegari na rushe komai. Na zuƙe rabin ruwan cikin jarkoki, na kwashe kifin zuwa baho da famfon iska, na ajiye duwatsun cikin ruwan akwatin don kada bakteriyar jikinsu ta bushe, na tura yashin gefe har ragar ta bayyana. Auratus biyun da suka rage na ba wani mai kiwo da ke da akwati mafi girma. A wannan karon na durƙusa na sa idona daidai da tsakiyar ruwan, ina tambayar kaina abin da kifin da ke bakin wannan rami zai hango. Na yi tudu uku maimakon ɗaya: babba a hagu da ya kusa taɓa saman ruwa, matsakaici a dama, ƙarami a tsakiya amma can baya, da filin yashi mai faɗin tafin hannu biyu tsakanin kowane biyu. Tsakanin na hagu da na tsakiya na kafa wani dogon dutse a tsaye kamar katanga, gindinsa a kan raga, manya biyu sun tokare shi, don kada mai hagu ya ga mai dama. Bakin ramukan na juya su fuskoki dabam-dabam, wasu gaba, wasu gefe, wasu baya inda ni kaina ba na gani. Na kula kowane rami ya kasance da ƙofa biyu, domin rami mai ƙofa ɗaya tarko ne ga wanda aka biyo, kuma na bar tsaguna ƙanana da yawa waɗanda mace za ta shige namiji ya kasa bin ta. Na bar tazarar yatsa uku tsakanin dutse da gilashi ta kowane gefe saboda gogewa da kuma kada kashi ya taru inda ruwa ba ya gudu. Kowane dutse na sama sai da na danna shi ta kusurwa huɗu. Wanda ya yi ko ɗan lilo na sauke shi na nemi wani. Ginin bai kai na farko kyau a hoto ba, ƴata ma ta ce ya yi kama da kangon da aka rushe, amma cikin awa ɗaya da mayar da kifin rawayan suka bazu cikin tudu ukun, kuma a karon farko na ga launinsu na gaskiya.

Tun da na riga na hargitsa iyakokin kowa, na yi amfani da damar na ƙara nau'i na uku bayan mako biyu, Iodotropheus sprengerae guda shida masu launin tsatsa da ɗan shuɗi-shuɗi, waɗanda suka yi kwanakin keɓewa a wani ƙaramin akwati tukuna. Na ciyar da tsofaffin, na sauya wa duwatsu biyu wuri, na kashe fitila, sannan na sake su gaba ɗaya da dare. Sabon kifi ɗaya tilo a cikin mbuna zai sha duka har ya mutu, amma shida a lokaci guda suna raba hankalin masu gida. Wannan ne kuma dalilin da ya sa ake cika akwatin mbuna fiye da na sauran kifaye: idan suna da yawa, mai faɗa ba ya iya naci a kan guda, yana bin wannan sai wancan ya gitta. Kuɗin wannan dabara shi ne ƙazanta, don haka duk Asabar nake zuƙe jarka uku, kimanin kashi ɗaya cikin uku na ruwan, in mayar da sabo. Lissafin da ake so shi ne namiji ɗaya ga mata uku ko huɗu a kowane nau'i, amma a ƙuruciya ba a bambance su, sai sun girma ake rage mazan da suka yi yawa. Cikin rawayan nan bakwai uku suka fito maza, na fitar da ɗaya.

Abinci ban wahala a kansa ba da zarar na fahimci cewa hanjin yawancinsu dogo ne irin na masu cin ganye. Ina ba su mai sinadarin gansakuka da ake kira sifirulina sau biyu a rana, abin da za su cinye cikin rabin minti, wani lokaci da yankan kokwamba. Abincin tarwada da ake samu a ko'ina ya yi musu maiƙo da yawa, kuma irinsa ne ke jawo kumburin cikin da ke kashe su. Gansakukar da ke fitowa a kan duwatsu ba na goge ta, gilashin gaba kaɗai nake sharewa, domin kallonsu suna kife kai suna kankare dutse shi ne rabin daɗin kiwon.

Yanayin garinmu ya ƙara nasa aikin. Suna son ruwa tsakanin digiri 24 da 28, amma a tsakiyar hunturu na auna 20 da asuba kafin in sa hita mai wat 200, a watan Afrilu kuma ruwan ya kai 31, suka taru a sama suna haki saboda ruwan zafi ba ya riƙe iska sosai. Na ɗage murfin na sa raga, na juya ƙaramar fanka tana kaɗa fuskar ruwan, ya sauka da digiri biyu. Ɗaukewar wuta ta fi ba ni tsoro, domin idan injin tacewa ya tsaya sa'o'i da yawa bakteriyar cikinsa tana shaƙewa, don haka na haɗa injin da famfon iska da batirin sola na gidan, hita kuwa na bar ta a layin wutar gari saboda cinta.

A farkon damina na lura wata rawaya ta daina cin abinci, tana zuwa ta shinshina ta juya, maƙogwaronta ya kumbura kamar mai ɓoye goro a kumatu. Da farko na ɗauka ciwon kumburi ne, sai na ga tana motsa baki a hankali kamar mai tauna, na gane ƙwai ta ɗauka, kamar yadda karfasar ruwanmu take yi. Mbuna mace tana kwashe ƙwanta a baki ta riƙe su kimanin mako uku ba ta ci, har su ƙyanƙyashe su iya iyo. Masu kiwo da yawa suna kama ta su buɗe bakin su zazzage ƴaƴan a wani akwati. Ni na bar ta, don kama kifi a cikin kilo 60 na dutse yana nufin a sake rushe ginin. Ta shige wata tsaga a bayan tudun tsakiya, inda namijinta ke zuwa ya leƙa ya kasa shiga, ta yi kwana ashirin da uku a nan tana fitowa jefi-jefi. Ranar da na gan ta a gaba tana wawurar abinci bakinta ya saɓe, na ɗauki tocila na bi ramukan ban ga komai ba, na ɗauka manyan sun cinye su. Bayan kwana tara ƴata ce ta kira ni, yatsanta a kan gilashi daidai gindin dogon dutsen da na kafa a tsaye, inda ya bar wata ƴar tazara da ba ta kai kaurin fensir ba tsakaninsa da mai tokare shi. A ciki akwai guda uku, kowanne bai fi ƙwayar shinkafa biyu ba, sun riga sun yi rawaya, suna leƙowa su cafki ɓarɓashin abinci su koma.